Shekarar da Giginya Ya Bi Shanu

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Laraba ne, a filinmu na ƙwallon kwando da ke bayan mangazar Alhaji Kyari, inda yake tara gyaɗa, a Zango. Waɗanda ke wurin su ne: ni Isaka, mai horar da 'yan wasa, Alhaji Kyari, mai ekip ɗin, wato ƙungiyarmu, zaune a kujerarsa ta ƙarfe, 'yan wasanmu, sai wani dattijo da ya ɗaure jakinsa a jikin sandar kwando bai tambayi kowa ba. Dattijon baffan Lawali ne, daga wani ƙauye na ƙasar Guna. Lawali kuwa shi ne wanda duk Damagaram ta sani da suna Giginya, don in ya miƙa hannu ba ya buƙatar tsalle kafin ya taɓa bakin kwando.

Dattijon ya gaida Alhaji yadda ya kamata, sannan ya ɗaga kai sama ya nemo fuskar ɗan wansa.

"Lawali, ubanka ya ce ka zo. Ciyawa ta ƙare. Za a kora shanu kudu, kai ne babba."

Alhaji ya ce, "Malam, ka kuwa san ko wane ne yaron nan a garin nan?"

"Na sani, Alhaji. Ni na riƙe ragon sunansa."

"Muna da manyan wasanni a gabanmu."

"Allah ya ba da sa'a. Shanun dai ba su san da zancen ba."

Giginya ya cire takalman wasa ya miƙo mini, tun da kayan Alhaji ne, ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, ya bi bayan jaki. Mun daɗe muna hango kansa bayan jakin da dattijon sun ɓace.

Na fara da wannan rana ne saboda ku samarin yanzu, da kuke ganin mai horarwa ba ya komai sai busa da ihu. Kwanan baya wani yaro ya ce mini, "Baba, ai aikinku ba wuya, a sami dogo a miƙa masa balo." Ban amsa masa ba, don a tsaye yake, hannunsa cikin aljihu. Ga amsar a rubuce, wanda ya san shi ya kai masa.

Facin balo shi ne aikin farko da Sarjan Bara ya ba ni. Sarjan tsohon soja ne, a bariki ya koyi wasan, a hannunsa ni kuma na koya. Za ka kwance ɗinkin, ka zaro robar ciki, ka hura, ka tsoma a ruwa ka ga inda take kumfa. Ka yanko tsohuwar robar keke, ka kankare, ka manna, ka jira. Wanda bai iya jira ba ba zai iya sana'ar nan ba. In ka ɗinke ka buga iska da famfon keke, sai ka saki balo daga kafaɗarka. In ta dawo ƙugunka, ta yi. In ba ta dawo ba, Sarjan zai sa ka kwance ka sake, ko da ladan yana kira. Bayan faci sai zanen fili da toka a gwangwani mai huji. Bayan zane sai saƙar ragar kwando da igiyar rama. Sai da na shekara da shekaru a kan waɗannan kafin ya yarda na sa sifile a baki, abin nan da mutanen Kano ke ce wa usur. Ranar ma cewa ya yi in busa sau ɗaya in mayar masa.

A shekarun fari, da ruwan sama ya ƙi, har faci ya canja. Wa zai ba ka ruwa a Damagaram ka tsoma roba, mata suna kwana a bakin rijiya? Sai ka hura, ka kai robar kusa da kumatunka, kana juyawa har ka ji sanyin iska. Fili kuwa da muka saba yayyafa wa ruwa ya tsage, in balo ta faɗa tsaga sai ta nufi inda ta ga dama.

Masu cin moriyar aikinmu biyu ne: 'yan kallo da mai ekip. 'Yan kallo ba sa biya, amma sun fi kowa sanin aikin. Mai ekip shi ke biya. Mu ba wasan yara muke yi ba, aikinmu ke nan. Alhaji yana ba mu tuwon rana a babban akushi, kowace Juma'a kuma a auna wa kowa tiyarsa ta hatsi ya kai gida. A shekarar ƙoshi yara kan ce abin ya yi kaɗan. A shekarar da nake magana, kowace tiya akwai gida guda da ke jiranta. Gyaɗa ba ta yi ba, mangazar Alhaji in ka yi tari a ciki sai ta amsa maka. Abin da ya sa bai kore mu ba ɗaya ne: muna cin wasa, ana ambaton sunansa a kasuwa.

Yadda muke ci kuwa ba ɓoyayye ba ne. Giginya ya tsaya gaban kwando. Sauran huɗun su ƙwato balo, su cilla sama. Shi ya cafe ya saka. Garuruwa sun zo sun gani, sun koma suna neman tsani.

Wasan farko bayan tafiyarsa da 'yan lakwal muka yi, yaran makarantar da a da ko zufa ba ma yi a kansu. Haru, babban 'yan wasanmu kuma kaftin, ya karɓi balo, ya duba gaba, ya cilla ta sama daidai inda hannun Giginya yake zama. Ta wuce ta faɗa cikin 'yan kallo. Bukar ya karɓa, shi ma ya cilla. Ta wuce. Ta uku a faifan wata mai ƙuli-ƙuli ta sauka. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ku ƙara ƙarfi, wataƙila ta same shi a kudu!"

Na tsayar da wasa, na ce cilla sama ta ƙare, wani ya shiga gaban kwando ya jefa da kansa. Suka ce to. Aka koma. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba a filin wasa. Haru ya kai kusa da kwando, babu kowa a gabansa, ya juya ya miƙa wa Bukar.

"Bismilla."

"A'a, Yaya Haru, kai ne babba."

"Na ce bismilla."

Bukar ya miƙa wa Mutari, Mutari ya miƙa wa Sanusi, Sanusi ya miƙa wa Ari, autanmu, wanda sai da Giginya ya tafi ya sami shiga. Ari ya riƙe balo kamar an ba shi garwashi, ya mayar wa Haru. Alƙalin wasa ya busa, lokacin jifa ya wuce. 'Yan lakwal suka cinye mu.

Bayan wasa na zaunar da su a inuwar mangaza, na tambaye su dalili. Haru ya ce, "Malam, wurin nan na Giginya ne. Mutum yana da rai ba a cin gadonsa. In ɗayanmu ya tsaya a wurinsa, kamar ya ce kada ya dawo ke nan."

"To ku jefa daga gefe."

"Malam, jifar ma tasa ce. Wa zai fara? Wanda ya fara, a ce dama jira yake."

Na gane maganar, don haka suke a akushi. Kowa yana cin gabansa. Tun ranar Larabar nan gefen da Giginya ke ci ba wanda ya kai masa hannu da farko, sai an gama a yi ta ture-ture a kansa, cikin yunwar nan. Yara ne masu tarbiyya. Tarbiyyar ce za ta kashe mu.

Washegari Alhaji ya kira ni zaurensa.

"Malam Isaka, jiya a kasuwa har mai sayar da kanwa ya yi mini dariya."

"Ranka ya daɗe, muna gyara."

"Ni ba na ciyar da mutanen da ke yi wa kwando kunya. Kuna da wasa da 'yan unguwar Kara-Kara ƙarshen wata. In kun ci, akushi yana nan. In an ci ku, na kife tukunya, kowa ya nemi inda zai ci."

"Ku yi haƙuri, Alhaji, yaran nan suna da iyali."

"Ni ma ina da su."

Gyaran farko na Alhaji ne, ba nawa ba. Ya ce tun da dogo aka rasa, a sa dogo. Ya aiko mini da Gambo, mai gadin mangaza, wanda tsawonsa ya kusa na Giginya, shekarunsa kuma sun kusa nawa. Na tsayar da shi gaban kwando, na cilla masa balo. Ya cafe, ya rungume ta a ƙirji. Na ce ya jefa. Ya ce kayan Alhaji ne, shi ba a ɗauke shi don ya yi jifa da kayan Alhaji ba. Sanusi ya zo zai karɓa, Gambo ya ce ya matsa ko ya ɗauko sandarsa. Kafin la'asar na mayar da shi ƙofar mangaza.

Gyara na biyu nawa ne. Sarjan ya sha gaya mini cewa ba a horar da mutumin da kake so a ce kana da shi, wanda ke gabanka shi kake horarwa. Na ce tun da girma suke bi, bari in ba su girma. Na tara su na kafa doka. Wurin Giginya a bar masa, ba wanda zai taka. Jifa kuma za a yi ta bi da bi, daga babba zuwa ƙarami, kamar yadda ake wanke hannu kafin tuwo. Haru ya jefa, Bukar ya jefa, a bi har Ari, a dawo kan Haru. Ta shiga ko ba ta shiga ba, in ka jefa layi ya wuce ka. Ta haka ba wanda ya ci gadon kowa, kowa rabonsa ya ɗauka.

Fuskokinsu suka washe. Sai Mutari ya ce, "Ni ne na uku ke nan."

Sanusi ya ce, "Na uku a ina? Ina rarrafe aka haife ka."

"Kai da aka yi sunanka da ragowar naman sunana?"

Damina ɗaya aka haife su, a lungu ɗaya. Na aika wurin iyayensu mata. Uwar Mutari ta ce tana jego ta ji guɗar gidan su Sanusi. Uwar Sanusi ta ce tana jego ta ji guɗar gidan su Mutari. Na yanke cewa su biyun duka na uku ne, wanda balo ta samu a hannunsa ya jefa. Daga ranar kowannensu ya ɗauki jifar nan a matsayin shaidar haihuwa, suka riƙa neman wuri kamar kaji a bakin turmi.

Kuma da yake na san 'yan Kara-Kara da wayo, kada wani ya kwaikwayi muryata cikin hayaniya ya rikita mini yara, na ƙara da cewa, "Layin nan, ko ni na ce ku karya, kada ku karya." Suka ce sun ji.

Sauran watan jifa muka yi, safe da yamma, daga dama, daga hagu, daga nesa. Mutanen da suka shekara suna cilla balo sama sai da na koya musu inda gwiwar hannu ke kallo. Da ciki ya yi nauyi ba a gudu, da ciki ya yi fayau ma ba a gudu, saboda haka na rage gudu na ƙara jifa. Wannan ma sana'a ce, babu mai koya maka ita sai shekarar da ta zo da ita.

Ranar wasa filin ya cika. Mai horar da 'yan Kara-Kara tare muka yi faci a hannun Sarjan, ba wawa ba ne. Kuma a Damagaram babu wanda ba a san wanda ya girme shi ba. Zagaye biyu kawai muka yi, 'yan kallo suka gane. Suka fara kira da kansu: "Yanzu Bukar ne! Bayansa masu gardama!" Layin masu gardamar ne kaɗai ke kawo mana kwando, don 'yan Kara-Kara ba su san wanda za su tsare ba. Sai abokin koyona ya yi lissafinsa: in Haru bai jefa ba, layi ba ya motsi. Ya tura mutum uku suka kewaye Haru kamar an kama ɓarawo.

Balo ta zo hannun Ari a gefen kwando. Ba kowa kusa da shi. Ko makaho zai saka ta.

Na ce, "Ari, jefa!"

"Malam, layin Yaya Haru ne."

"Ni na kafa dokar! Na ce ka jefa!"

"Malam, kai ka ce ko kai ka ce a karya kada a karya."

Alƙali ya busa. Haka aka yi ta yi har hutun rabin lokaci, sun ba mu rata mai faɗi. Ina ba yara ruwa, kurɓi ɗaya-ɗaya, na ji Alhaji yana cewa Gambo, da murya yadda kowa zai ji, "Je gida ka ce kada a jiƙa hatsin gobe."

Na ce wa yaran na soke dokar. Suka dubi juna. Bukar ya ce, "Malam, gwada mu kake." Na rantse. Ya ce ai wanda ke gwaji ma yakan rantse. Aka busa aka koma, ban sami kan su ba.

Abin da ya cece mu hammatar wani ɗan Kara-Kara ce. Ƙato ne, ya ɗaga hannu ya rufe Haru, hancin Haru daidai hammatarsa, ga rana, ga shi garin ba ruwan wanka. Biyu kuma sun matse shi ta baya. Balo ta sake zuwa hannun Ari. Sai muka ji murya daga cikin cunkoson:

"Ari! Na ba ka nawa! Kyauta!"

"Yaya Haru, da gaske?"

"Don Allah karɓa, numfashina zai ɗauke!"

To, kowa ya san kyautar babba ba a mayar da ita, mayarwa raini ne. Ari ya ce, "Na gode, Yaya," ya jefa. Ta shiga. Layi ya wuce kan Bukar. Mutum ukun suka koma kan Bukar. Bukar bai jira hammata ba, ya ce, "Ari, nawa ma na ba ka!" Ta sake shiga.

Abokin koyona ya ce a tsare Ari. Suka rufe shi. Nan na ce an gama da mu, don ƙarami ba ya yi wa babba kyauta. Ashe yaron ya san abin da ya fi. Ya leƙo ta ƙarƙashin hannun mutum, ya ce, "Yaya Haru, ga gaisuwa!" Ya turo balo. Haru, da yanzu ba kowa a kansa, ya karɓa, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya saka.

Daga nan fili ya koma kamar ranar sallah. Kyauta tana sauka, gaisuwa tana hawa, duk wanda aka bari shi kaɗai shi ake ba. Abin da na yi ta faɗa tun tafiyar Giginya ke nan, a miƙa wa wanda ba a tsare ba, amma sai da aka sa masa sunan da ya dace. Wani dogo na 'yan Kara-Kara kuwa yana nan tsaye gaban kwando yana gadin wurin Giginya, inda ba mai zuwa.

Ana dab da tashi muka yi kunnen doki. Balo a hannun Mutari, mutum biyu a kansa. Sanusi yana gefe shi kaɗai. Na san Mutari ba zai ce gaisuwa ba, Sanusi kuma ba zai karɓi kyauta ba. Mutari ya cilla, ya ce, "Ƙanena, na ba ka!"

Sanusi ya cafe, ya ce, "Na karɓi gaisuwarka, yaro!" Ya jefa. Ta zagaya bakin kwando ta faɗa ciki. Aka busa tashi. Su biyun ba su ji ba, suna tsakiyar fili suna gardama.

Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce wa na kusa da shi tun farko shi ya ba da shawarar a bi girma. Sannan ya ce wa Gambo ya koma ya ce a jiƙa hatsi. Gambo ya ce bai tafi ba tukuna, don bai ga wanda zai bar wa gadin kujerar ba. Akushi ya ci gaba, tiya ta ci gaba, har ruwa ya sauka. Ba duk wasa muka ci ba a shekarar, kada wani ya ce na faɗa. Mun ci wanda ya isa a bar tukunya a kan murhu.

Giginya ya dawo bayan an yi shuka, ya rame, ya ce shanu kaɗan suka dawo da su. Na ba shi takalmansa. Ya tambayi wurinsa, Haru ya nuna masa, ba wanda ya taka. Ya tsaya ya ɗaga hannu yana jiran a cillo. Bukar ya ce, "Lawali, ka sauke hannu. Kai ne na uku, sai ni da Yaya Haru mun jefa, sai fa in mun yi maka kyauta." Mutari da Sanusi suka koma gardamar na huɗu. A shekarar da ta biyo ba wanda ya iya mana, don wanda ya tsare Giginya ya bar mutum huɗu da suka san hanyar kwando.

Yanzu ga roƙona gare ka, kai mai karanta wannan, in kana riƙe da ekip ko kana shirin riƙewa. A cikin satin nan ka zaɓi rana ɗaya. Ka kira wanda ya fi kowa a cikin yaranka, ka zaunar da shi a inuwa, ka ce yau hutu yake. Ka ba sauran balo, ka koma gefe, kada ka ce komai. Ka duba ko akwai wanda zai jefa. In babu, kada ka jira sai baffan wani ya ɗaure jaki a sandar kwandonka. Ka fara gyara a ranar, tun tuwon yana nan.